Alhajin da bai taɓa yin laifi ba

Iyalin wannan bawan Allah ne suka yarda a ba da labarinsa, shi ma ya yarda, bisa sharaɗin kada a ambaci sunansa ko layin da shagonsa yake. Don haka Alhaji kawai za mu kira shi. Mu da muke aikin lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna mun zaɓi labarinsa ne saboda masu irin halinsa na tsananin jiji da kai ba su cika taka ƙofar asibiti ba. Waɗanda muke gani su ne matansu da ƙannensu da 'ya'yansu, ɗauke da hawan jini da rashin barci da ciwon kai, kowa na tambayar kansa ko shi ne ke da matsala.

An haifi Alhaji a Kakuri, zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana. Mahaifinsa ma'aikacin masaƙa ne, mutum mai horo, mai ƙarancin magana. Mata biyar aka haifa a gidan kafin ya zo, saboda haka zuwansa ya zama biki. Kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi tun yaye, kuma a ɗakinta ba ya laifi. Tsokar da ta fi girma tasa ce, yayyensa mata ke ɗauke masa kwano, in ya doki ɗan maƙwabta sai ta ce hassada ake masa, ai wannan ba irin yaran unguwa ba ne. Wajen mahaifinsa kuwa wata duniya ce daban. In ya zo na ɗaya a aji, a kama hannunsa a kai shi majalisa a nuna wa abokai. In ya zo na uku, sai bulala, kuma a yi kwanaki ba a amsa gaisuwarsa ba. Kafin ya gama firamare ya haddace darasi biyu: ya fi kowa, kuma ranar da bai fi kowa ba, ba shi da wata daraja.

Iyaye su kula da wannan wuri. A 2015 an wallafa wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, inda aka bi yara 565 'yan shekara 7 zuwa 12 tare da iyayensu, ana auna su duk bayan wata shida har sau huɗu. Yaran da iyayensu ke ganin sun fi sauran yara kuma sun cancanci a fifita su, su ne jiji da kai ya ƙaru a wurinsu. Yaran da aka nuna wa ƙauna da kulawa ba tare da an gwada su da kowa ba, su kuma yarda da kai suka samu. Yaron da ake gaya wa "ina son ka" da wanda ake gaya wa "ka fi su" ba hanya ɗaya suke bi ba. Gado ma yana da nasa rabon a halin mutum, kuma ba duk ɗan lele ke zama haka ba, amma a gidan Alhaji an haɗa shagwaɓa da ƙauna mai sharaɗi, kuma wannan haɗin muna yawan jin sa a tarihin irin waɗannan mutane.

Da ya gama sakandare sai ya shiga kasuwa, yaron shago a wajen wani dillalin kayan gini. A faɗi gaskiya, yana da baiwa. Farashin siminti da rodi da kwano da ƙusa duk suna kansa, ga baki, ga iya sa tufa, ga fara'ar da ke sa ɗan kwangila ya ji kamar sun shekara da sanin juna. Masu wannan hali galibi haka suke a haɗuwar farko, sai an daɗe tare ake gane sauran. Bayan shekaru ya buɗe nasa shagon, ya tafi da rabin kwastomomin ubangidansa ba tare da sallama ta mutunci ba. Har kwanan baya in aka ambaci dattijon nan da ya koya masa sana'a, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a auren fari, abin da yake cewa shi ne: "Ni na gina shi. Da na tafi ai kun ga yadda ya koma."

Yaran shagonsa sun san zagayen, don duk wanda ya zo sai ya bi ta ciki. Watannin farko sabon yaro shi ne ɗan gaban goshi: a ba shi makulli, a saya masa waya, a riƙa faɗa wa mutane ba a taɓa samun yaro mai kai irinsa ba. Ranar da ya ce "Maigida, lissafin jiya kamar akwai kuskure", ko wani kwastoma ya yabe shi a gaban Alhaji, daga nan ya zama ɓarawo, butulu, wanda aka tsamo daga bola. Ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi masa aiki shekaru ba albashi tsayayye, sai "ai dukiyar taka ce". Da ƙanin ya tara ya gina ɗaki biyu a Rigasa ya gayyace shi walima, Alhaji ya zo a makare, ya dubi ginin ya ce bulo ɗin ba shi da siminti, ya tafi kafin a yi addu'a.

Uwargidansa ita ta fi kowa ɗanɗana. Ba ya barin iyalinsa da yunwa, kuma wannan ne ya sa shekara da shekaru ba wanda ya saurare ta. Duk wanda ta kai wa kuka sai ya dubi gidan da motar da atamfar jikinta ya ce ta gode wa Allah. Abin da ba a gani shi ne, a tsawon aurensu ba ta taɓa jin ya ce "na yi kuskure" ba. In ya manta alkawari, ita ce ba ta tuna masa ba. In ta tuna masa, ta raina shi. In ta kawo maganar da ya faɗa jiya, sai ya rantse bai faɗa ba, har ta kai tana shakkar kunnenta. Lokacin da aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti ta kwana biyu tana jinya, da ta dawo bai tambayi jikin tsohuwa ba, abin da ya fara faɗa shi ne baƙinsa sun zo ba a ba su abinci mai kyau ba, an kunyata shi. Ba mugunta ya shirya ba a wannan daren. Tashin hankalinta ne kawai bai isa wurinsa ba, nasa ya cika wurin.

A waje kuwa mutumin kirki ne, in dai za a faɗa. Gudummawar masallaci sai an sanar da ita a lasifika, ranar da ladan ya manta bai ambaci sunansa ba ya ƙaurace wa masallacin unguwa wata guda. A ɗaurin aure in ba a shigar da shi sahun gaba ba, sai ya juya. Layin banki ko na asibiti ba nasa ba ne, manaja yake nema. Ga wasu 'yan amshin Shata su huɗu ko biyar da ke zaman benci a ƙofar shago, aikinsu "ranka ya daɗe" da "ai kai ne Kaduna", ladansu kuɗin mai da na cefane.

Wannan tsarin hali, in ya kafu ya kuma yi ɓarna, shi ne likitocin ƙwaƙwalwa ke kira larurar nasisizim. Ta shiga kundin Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1980, kuma bugun 2013 ya kawo alamomi tara, ana bukatar biyar kafin a ce mutum yana da ita. Akwai ganin kai fiye da abin da aka cim ma, da mafarkin ɗaukaka marar iyaka, da imanin cewa shi na musamman ne sai manya ke iya fahimtarsa. Akwai ƙishirwar yabo, da jin cewa dole a fifita shi, da amfani da mutane don biyan bukatarsa. Sai rashin jin zafin wani, da hassada ko zargin ana masa hassada, da izza a magana da tafiya. Amma ƙirga alamomi kaɗai ba ya wadatarwa. Sai halin ya faro tun ƙuruciya, ya bayyana a gida da kasuwa da cikin abokai, ya kuma lalata aure ko sana'a ko zumunci. Kundin ya ce kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari na waɗanda ake samu da ita maza ne, wato mata ma suna ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a kundinta da ya fara aiki a 2022, ta bar raba larurorin hali gida gida, ta koma auna tsananin ɓarnar: ƙarama ce, matsakaiciya ce, ko mai tsanani.

Kada a ɗauki wannan a fara laƙaba wa duk mai babbar riga. Mai yarda da kansa yana iya cewa "na iya aikina" ya kuma ce "wane ya fi ni a nan" a zama ɗaya, ba tare da cikinsa ya juya ba. Basarake yana da izzar da kujera ta ɗora masa, ana masa kirari a fada, amma in ya shiga gida ya tuɓe rawani jikarsa na iya jan gemunsa. Ma'aunin da ya fi aiki ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito, inda wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da mutumin da ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Aka ba shi amsa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Abu biyun nan su muke dubawa a asibiti ma: me mutum ke yi in aka gaya masa gaskiyar da ba ya so, kuma yaya waɗanda ke ƙarƙashinsa suke bayan shekara goma.

Abin da ya karya Alhaji siyasa ce. 'Yan bencin nan suka yi ta hura masa kunne cewa mazaɓa kaf shi take jira, ya nemi tikitin majalisar jiha a zaɓen fid da gwani na 2022. Ƙaninsa ya same shi a keɓe ya ce: "Yaya, mutanen nan cin ka suke yi. Ka bari mu zagaya mu ji bakin daliget tukuna." Ya kore shi, ya ce baƙin ciki ne ke cinsa tun suna yara. Ya kwashe jarin shago, ya karɓi kuɗin kayan da 'yan kwangila suka biya tun kafin a kai musu, ya ɗauki kuɗin adashin uwargida da sunan aro, ya sayar da filin gado da shi da ƙanin ke da haƙƙi a ciki ba tare da ya sanar da shi ba. Ranar zaɓe ƙuri'un da ya samu ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Daga nan abubuwa suka bi juna. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tsayar da ciniki, aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, farashin siminti da rodi ya yi ta hawa, masu bin sa bashi suka fara sallama a ƙofar gida. Benci ya watse. Mutumin da ba ya fita sai da sabuwar shadda ya koma kwana uku a riga ɗaya, ya rufe kansa a ɗaki, ba barci, ba cin abinci, in ya fito sai faɗa. Wata rana babban ɗansa ya ce a zauna a rubuta basussukan a san inda aka dosa, Alhaji ya mare shi a gaban ƙannensa, yaron ya kwashe kayansa ya koma gidan kawunsa. Aka fara kai shi wajen malamai, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu. Addu'a ba ta taɓa zama asara, amma maganar sammu da maƙiya ta yi masa daɗi fiye da kima, domin ta sake tabbatar masa da abin da ya riga ya yarda da shi: shi babba ne, kuma laifin na wasu ne. Likitan da ke duba hawan jininsa ne ya lura da yadda ya rame, ya tambaye shi ko yana tunanin mutuwa, ya ce i. A nan aka tura shi ɓangaren ƙwaƙwalwa, kuma ya yarda ya je ne kawai don a ba shi maganin barci.

A Kaduna akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ko ina aka je, in aka kawo mutum mai ganin kansa sama da kowa, tambayar farko ita ce: tun yaushe? Kuma iyali ake tambaya, ba shi kaɗai ba. Dalili shi ne cika baki da ganin kai alama ce da ke fitowa a cututtuka daban daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai ciwon baifola, wato ciwon da yanayin zuciya ke hawa sama sosai ya kuma faɗo ƙasa, in yanayinsa ya hau, canjin yana da ranar farawa. Mutum mai kunya sai a wayi gari yana barcin awa biyu ko uku bai kuma gaji ba, yana magana ba a iya katse shi, yana rabon kuɗi, yana cewa zai sayi kasuwa sukutum. In hakan ya kai mako guda, ko ya yi tsananin da sai an kwantar da shi, hawan ya cika, ƙaramin nau'insa kuma kwana huɗu ne. Wannan yana da magani mai aiki sosai, kuma in ya sauka mutum yakan ji kunyar abin da ya yi. Jinkirin kai irin wannan asibiti da sunan "girman kai ne kawai" babbar asara ce.

Ana kuma tambayar abin da mutum ke sha, domin tiramadol da wiwi da ƙwayoyin ƙara kuzari suna kumbura kai, haka ma wasu magungunan asibiti irin su firedinisolon in an sha da yawa. In mutum ya ce shi ne Mahadi, ko shugaban ƙasa na kiransa kullum a asirce, kuma ba hujjar da ke girgiza shi, wannan ruɗani ne na taɓin hankali, ya wuce batun hali. In kuma dattijo mai kamun kai ya fara fankama da rashin kunya bayan shekara hamsin, sai a binciki ƙwaƙwalwar kanta, domin akwai ciwon mantuwa da ke farawa da canjin hali kafin mantuwa ta bayyana. A wajen Alhaji duk an duba waɗannan. Ba ya shan komai, bai taɓa samun lokacin da barci ya ƙaurace masa yana cike da kuzari ba, kuma yayarsa ta ce tun yana ɗan makaranta haka yake. Abin da aka samu biyu ne: ciwon damuwa mai tsanani wanda yake sabo, a kan hali wanda yake tsoho.

Iyalinsa sun yi mamakin yadda mai izza irin wannan ya ruguje haka. Ba abin mamaki ba ne. Larurar tana da fuska biyu. Ɗaya ita ce wadda kowa ya sani, mai taƙama da cika wuri. Ɗayar kuma mai ja da baya ce, mai saurin jin an wulaƙanta shi, mai ƙullaci, wanda ke zaune shiru yana ganin duniya ba ta san darajarsa ba. Akwai waɗanda a fuska ta biyu suke rayuwarsu duka, kuma mutum ɗaya na iya zamewa daga wannan zuwa waccan in yabo ya yanke. Fushin ma daga nan yake fitowa. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1998, an sa ɗalibai sun yi rubutu, aka kushe wa wasu rubutun da gangan, sannan aka ba su damar sakar wa wanda ya kushe su ƙara mai zafi a kunne. Waɗanda suka fi jiji da kai su suka fi tsananta ramuwa. Marin da Alhaji ya yi wa ɗansa ba a kan lissafi ba ne. Takardar basussukan ce za ta nuna shi a matsayin mutumin da ya yi kuskure, a gaban 'ya'yansa, kuma wannan ne abin da ya gina rayuwarsa duka don kada ya faru.

Magani ya kasu biyu, kuma dole iyali su san iyakar kowanne. Ciwon damuwa ana ba shi ƙwaya, bayan an tabbatar ba baifola ba ce, domin maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar wa mai baifola da hawa. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, kuma a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warke. Maganin barci irin dayazifam na ɗan gajeren lokaci ne, makonni kaɗan, in ya wuce haka jiki ya saba. Halin kansa kuwa ba shi da ƙwaya. Abin da ake da shi zama ne da masanin halayya, galibi sau ɗaya a mako na kusan minti hamsin, kuma aikin shekaru ne. Ba a shiga da "kai mai girman kai ne". Ana farawa daga abin da ke masa ciwo: ɗansa ya tafi, ƙaninsa ba ya ɗaukar wayarsa. Sai a ɗauki faɗa guda ɗaya a warware shi daki daki. Me aka ce? Me ka ji a jikinka kafin ka ɗaga murya? Me kake zaton yaron ya ji? Tambayar ƙarshen nan Alhaji ya daɗe yana amsa ta da abin da shi ya ji, bai ma lura ya sauya tambayar ba.

Ga inda abin ke lalacewa, kuma ya lalace a nan ma. Zuwansa na farko ya ce shi babban likita kaɗai zai gani. Bayan zama kaɗan, a bakin Alhaji mai duba shi ya zama wanda ya fi kowa ilimi a Arewa. Ranar da aka tabo maganar filin gado, ya zama yaro ƙarami da bai san rayuwa ba. Barci kuma ya dawo, sai ya ga ai ya warke, ya daina zuwa. Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma wannan shi ne ainihin wahalar larurorin hali: mai damuwa ya san wani abu ya same shi, mai wannan kuwa halin yake ji a matsayin shi kansa. Ƙari a kan haka, babbar 'yarsa ta ci karo da bayanin larurar a Facebook, ta tura masa a waya da kyakkyawar niyya. Ya ɗauke shi a matsayin zagi, ya ce an haɗa baki da asibiti a mayar da shi mahaukaci. Sunan larura ba makamin faɗa ba ne, kuma ba aikin 'ya ko mata ba ne su sanya shi. Ko daidai ne, a bakinsu ba zai karɓu ba.

Da ya daina zuwa, aikin ya koma kan iyali, kuma a nan aka fi samun ci gaba. An koya wa uwargida ta riƙa magana a kan aiki guda, ba a kan halinsa ba, a keɓe, ba a gaban yara ko baƙi ba, kuma a taƙaice. "Alhaji, kuɗin makarantar yara ranar Litinin ne" ya fi "kai kullum haka kake". Ta bar jayayya a kan wa ya ce me, domin ba a cin wannan muhawarar, muhimmin abu ta aika shi a saƙon waya ya zauna a rubuce. In ya fara zagi, ta faɗa sau ɗaya cikin ladabi cewa za ta dawo in ya huce, ta fita daga ɗakin. Sharaɗin shi ne kada ta gindaya iyakar da ba za ta iya tsayawa a kanta ba, domin barazanar da ba a cika ba tana koya masa cewa babu iyaka. An kuma gargaɗe ta tun farko cewa makonnin farko abin zai ƙaru kafin ya ragu, haka kuwa aka yi. In ya yi abin kirki na gaske ta yaba wannan abin, ba tare da kirari ba.

Kuɗi kuwa sai da aka raba. Ta buɗe asusunta, ta daina ba da aro sai da shaida. Maganar fili da adashi ƙanin bai tunkare shi shi kaɗai ba. An nemi baffansu da limamin da Alhaji ke jin nauyinsa, mutum biyu kawai, ba taron dangi ba, domin taro yana mayar da zaman shari'ar mutuncinsa. Aka rubuta bashin, aka yanka abin da zai riƙa biya duk wata, kowa ya sa hannu, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Ba a nemi ya ce ya yi laifi ba. Da an dage sai ya furta, da zaman ya watse ba a samu ko sisi ba.

Akwai abin da ba ma sassautawa a kansa. Haƙuri ibada ne, amma "ki yi haƙuri" da ake jefa wa mace shekara ashirin ba tare da an taɓa kiran mijin an yi masa magana ba, ba sulhu ba ne, an bar ta ita kaɗai ne. In abin ya kai duka, ko shaƙewa, ko barazanar kisa, ko hana ta fita neman magani, dabarun magana sun ƙare, sai ta koma wurin da take da tsaro tare da yaran, a sanar da waliyyanta da hukuma. Jihar Kaduna tana da dokar hana cin zarafin mutane tun 2018, kuma ba duka kaɗai ta ambata ba, har da cin zarafi na baki da na zuciya. Lokacin da mace ta yanke shawarar tafiya shi ne mafi haɗari, don haka ba a sanar da irin wannan miji a ɗaki daga ita sai shi.

Shi ma yana da nasa haɗarin. Ranar tonon asiri, ko karayar arziki, ko faɗuwa zaɓe, ko saki, masu wannan hali na iya kashe kansu ba tare da dogon gargaɗi ba, kuma iyali sukan ɗauka ai mai son kansa haka ba zai iya ba. In ya fara cewa gara mutuwa da wannan kunya, ko yana rabon kayansa, ko ya yi shiru farat ɗaya bayan dogon tashin hankali, a tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. A kwashe maganin ƙwari da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Bayan wasu watanni Alhaji ya koma asibiti da ƙafarsa, saboda auren 'yarsa ya matso kuma babban ɗansa ya ce ba zai zo ba in dai sai sun haɗu. Yanzu yana zuwa, yana tsallake wasu makonni. Shagon ya ragu zuwa rabi. Yana biyan ƙaninsa, wani watan a makare. Har yanzu yana son sahun gaba, har yanzu in ya ba da labarin zaɓen daliget ne suka ci amanarsa. Abin da ya canza shi ne yakan tashi ya fita tsakar gida in ya ji ransa ya fara ɓaci, kuma sau ɗaya ya aika wa ɗansa saƙo cewa bai kamata ya ɗaga masa hannu ba. Yaron ya halarci ɗaurin auren, ya gaishe shi, amma bai dawo gidan da zama ba. Dangi sun so a matsa masa ya koma, muka ba da shawarar a bar shi a gidan kawunsa ya gama karatunsa, su riƙa haɗuwa da mahaifinsa ranar Juma'a bayan masallaci, da mutum na uku a wurin.